Inda ƙwaƙwalwa ke ɗanɗana gishirin jini

Duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa aka kai ɗakin gwaji, in ya duba takardar sakamako da kyau zai ga wani layi da aka rubuta sodiyam, a gefensa kuma an sa iyaka: 135 zuwa 145. Adadin milimol ke nan a kowace lita ta ruwan jini. Sodiyam ɗin nan shi ne ya haɗu da kuloraid suka zama gishirin da kowa ya sani. Abin da ya kamata ya ɗaure wa mutum kai shi ne ƙuncin iyakar. Wani giram 4 na gishiri yake ci a rana, wani giram 15. Wani ya yini a rana yana zufa, wani yana inuwa yana ta kwankwaɗar ruwa. A jera su a auna, in dai lafiyarsu ƙalau, duk kusa da 140 za a same su.

Jiki yana da dalilin wannan tsantseni. Ruwa gishiri yake bi. In ƙarfin gishiri ya ƙaru a jini, ruwa zai tsiyaye daga cikin ƙwayoyin halitta ya fito waje, su motse. In ya ragu, ruwa ya kwarara ciki, su kumbura. Tsoka da hanta za su iya jurewa na wani lokaci, amma ƙwaƙwalwa a kulle take cikin ƙoƙon kai, ba ta da wurin kumbura. Shi ya sa in lambar nan ta faɗo ƙasa da 120 cikin gaggawa ake ganin ruɗewa da jijjiga, har da doguwar suma.

Ƙwaƙwalwa da kanta ke gadin wannan lamba, kuma a ganina wanda ya gane yadda take gadin ya gane kaso mai tsoka na alaƙar gishiri da hawan jini. Rikicewar ƙarfin gishiri na iya kisa cikin sa'o'i, shi kuwa hawan jini sai ya shekara da shekaru yana ɓarna a ɓoye. Saboda haka duk lokacin da zaɓi ya zama dole, ƙarfin gishirin jiki yake karewa, matsin jini ne ke kwana ciki.

Sai dai akwai cikas tun daga tushe, domin ƙwaƙwalwa ta killace kanta daga jini. A 1885 Bajamushen nan Paul Ehrlich ya yi wa dabbobi allurar rini, da aka feɗe su sai ga gaɓoɓin ciki duk sun rine, ban da ƙwaƙwalwa da laka. A 1913 ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba rinin a cikin ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki. Wannan karon ita ta rine, sauran jiki bai rine ba. Bangon ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa a liƙe yake gam, ba abin da ke ƙetarewa sai wanda aka tanadar wa ƙofa. Shingen yana kare ta daga guba da hawa da saukar sinadarai. To, wadda ta toshe kanta haka, ta ina za ta san halin da jini ke ciki?

Ta wasu 'yan ɗigo-ɗigo da masu bincike na baya suka lura suna rinewa duk da shingen. Wurare ne ƙanana ƙwarai a gefen ramukan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma hanyoyin jininsu masu huji-huji ne, abin da ke cikin jini yana isa gare su kai tsaye. Biyu daga ciki ne suka shafi zancenmu, duk a bangon gaba na rami na uku. Masana suna taƙaita sunan na sama da SFO, na ƙasa kuma OVLT. Kowannensu fuska biyu gare shi, ɗaya tana kallon jini, ɗaya tana kallon ruwan ƙwaƙwalwa. A tsakaninsu akwai wani curin ƙwayoyin saƙo da ke cikin shingen, wanda ke tattara rahoton su biyun ya miƙa shi gaba.

Tun kafin a san waɗannan wurare da kyau aka san akwai ma'auni a cikin kai. E. B. Verney na Jami'ar Kambirij ya bayyana aikinsa a kan karnuka a 1947. Yakan shayar da kare ruwa har ya riƙa fitsari da yawa, sannan ya zuba ruwan gishiri mai ƙarfi a babbar jijiyar wuya da ke kai jini kai. Nan da nan fitsarin ke raguwa. Da ya zuba ruwan sukari mai kauri ma haka aka gani, amma yuriya, sinadarin da jiki ke zubarwa a fitsari, wadda ke ratsa bangon ƙwayar halitta ta shige abinta, ba ta yi wannan tasiri ba. Daga nan ya yanke cewa abin da ma'aunin ke ji shi ne janyewar ruwa daga cikinsa, ko ma mene ne ya janye shi.

A farkon shekarun 1950 Bengt Andersson na Suwidin ya matsa kusa da wurin. Awaki ya yi aiki da su. Akuyar da ta riga ta ƙoshi da ruwa, wadda ko kallon bokiti ba ta yi, sai a ɗiga mata ɗan mitsitsin ruwan gishiri a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas. Ba a jima sai ta nufi ruwa ta kafa kai, ta yi ta sha lita bayan lita. Jikinta ba ya buƙatar ko ɗigo, amma an gaya wa ƙwaƙwalwarta cewa gishiri ya yi yawa, ita kuma ta yarda. Daga baya Andersson ya saɓa wa Verney. Ya lura cewa in ta ramin ruwan ƙwaƙwalwa aka bi, gishiri na tada ƙishirwa yadda sukari mai kauri ɗaya da shi ba ya tadawa. Ya ce lallai akwai wani ma'auni dabam da ke gane sodiyam shi kansa.

An daɗe ana wannan ja-in-ja, ashe kowa da gaskiyarsa. Ɓangaren Verney ya sami cikon hujja a hannun Charles Bourque na Jami'ar McGill a Kanada, wanda ya nuna cewa wasu ƙwayoyin saƙo na ƙwaƙwalwa suna jin motsewar jikinsu. In ruwa ya fita ƙwayar ta ƙanƙance, wasu ƙofofi a bangonta kan buɗe, lantarkinta ya tashi, ta fara aika saƙo. Ɓangaren Andersson kuwa sai da ya jira ƙarshen ƙarni, kuma a nan ne labarin ya fi daɗi.

A cibiyar binciken halittu ta ƙasa da ke Okazaki a Japan, Masaharu Noda da abokan aikinsa sun tsaya a kan wata baƙuwar ƙofar sodiyam da ake kira Nax. Danginta duka da lantarki ake buɗe su, su ne ke sa saƙo ya bi jijiya da gudu. Ita kuwa lantarki bai dame ta ba, har aka daɗe ba a san amfaninta ba. A 2000 suka samar da ɓeraye da aka cire wa ƙwayar gadon da ke ƙera ta. Suka hana ɓerayen ruwa har suka bushe, sannan suka ajiye musu kwalba biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri. Ɓera mai lafiya yakan kama ruwa zalla ya guje wa na gishiri, tun da gishiri ya riga ya yi masa yawa a jini. Wanda ba shi da Nax kuwa ya ci gaba da shan na gishirin abinsa, bai san akwai matsala ba. Bayan shekara biyu suka nuna dalili: ƙofar tana buɗewa ne idan sodiyam ɗin da ke wajen ƙwaya ya ƙaru. A kwanon gwaji sai ya kai wajen 150 take buɗewa, wanda ya ɗara abin da ake samu a jikin mai lafiya, kuma wannan ya sa wasu suka yi shakka. A 2013 suka warware kullin, da suka gano cewa wani sinadari da ake samu a wurin, endotelin na uku, yana sauko da matakin buɗewar zuwa cikin iyakar da jiki ke yawo a kullum.

Abin da ya fi ba ni mamaki a aikin nan shi ne mazaunin ƙofar. Kowa zai yi zaton a jikin ƙwayoyin saƙo take. A'a, a jikin ƙwayoyin giliya take, waɗanda aka daɗe ana ɗauka 'yan rakiya ne kawai, masu tallafa wa ƙwayoyin saƙo da ciyar da su. Ga yadda abin ke gudana. Sodiyam ya ƙaru, Nax ta buɗe, sodiyam ya kwarara cikin ƙwayar giliya. Dole ta fitar da shi, fitarwar kuma famfo take buƙata, famfon kuma makamashi yake ci. Sai ƙwayar ta hau ƙona sukari da gaggawa, irin ƙonawar da ke barin laktet da tsami, kamar dai yadda ke faruwa a tsokar mai gudu. Ta tura su waje. Wannan sharar da ta zubar ita ce saƙon. A SFO, laktet ɗin yana zaburar da wasu ƙwayoyin saƙo masu taka burki, su kuma su danne sha'awar gishiri. A OVLT kuwa, kamar yadda suka wallafa a mujallar Neuron a 2019, tsamin ne ke aiki: yana buɗe wata ƙofa mai jin tsami da ake kira ASIC1a a jikin ƙwayoyin saƙo na maƙwabta. Daga nan saƙo ya tafi haifotalamas, ya gangara gindin ƙwaƙwalwa, ya bi laka ya fita zuwa hanyoyin jini. Ɓerayen da ke da Nax jininsu ya hau da aka ɗura musu gishiri. Waɗanda ba su da ita bai hau ba, alhali sodiyam ɗin jininsu ya ƙaru kamar na sauran.

Da zarar ƙwaƙwalwa ta ji gishiri ya ɗaga, ta hanyoyi da dama take mayar da martani, kuma kusan kowacce tana taɓa matsin jini. Ta farko ƙishirwa. Ta biyu homon ɗin da ake kira basofiresin, wanda ake haɗawa a haifotalamas a adana a bayan fituwitari, 'yar tsokar da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ƙarin ƙarfin gishiri da bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba ya isa a sake shi cikin jini. In ya isa ƙoda sai ya sa ta jera ƙofofin ruwa a bangon bututunta, ta tsotse ruwan da da zai fita, fitsari ya ragu ya yi duhu. An sha ruwa, an kuma riƙe ruwa, lamba ta koma 140. Amma gishirin bai je ko'ina ba, an dai tsarma shi ne. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne yawan ruwan da ke cikin hanyoyin jini. Wannan ne ya sa gwajin sodiyam na jini ba ya nuna yawan gishirin da mutum ke ci, kuma mai hawan jini bai kamata ya ga 140 a takarda ya ce gishirinsa daidai yake ba.

(Wani abin sha'awa a gefe: mai ƙishirwa yana jin ta kwanta tun yana kan sha, alhali ruwan na buƙatar mintoci kafin ya isa jini. A 2016 ɗakin binciken Zachary Knight a San Faransisko ya nuna cewa ƙwayoyin ƙishirwa na SFO suna lafawa tun daga kurɓin farko, saboda saƙon da baki ke aiko musu. Hasashe suke yi, ba sa jiran lissafi ya cika.)

Haka tsarin ke aiki ta ɗaya gefen, in gishiri ko ruwa ya yi ƙaranci. Ƙoda ta saki wani sinadari mai suna renin, renin ya kai ga samar da homon ɗin da ake kira anjiyotensin na biyu, shi kuma, da yake ba ya iya ƙetare shinge, ta SFO yake isar da kukansa, ya tada ƙishirwa da kwaɗayin gishiri. Ƙarfin wannan kwaɗayi ya fito fili a wani rahoto na 1940 da Lawson Wilkins da Curt Richter suka wallafa a Amurka, kan wani yaro ɗan shekara uku da rabi da ke cin gishiri kamar ba gobe. Da aka kwantar da shi asibiti aka sa shi a kan abincin kowa da kowa, cikin kusan mako guda ya rasu. Bincike bayan mutuwarsa ya nuna 'yar tsokar adirinal da ke kan ƙodarsa ba ta aiki yadda ya kamata, gishiri na zurarewa ta fitsari. Kwaɗayin nan ne ya riƙe shi da rai.

Hanyar da ta fi jawo muhawara ita ce ta jijiyoyin ko-ta-kwana, waɗanda ke sa zuciya bugu da sauri in mutum ya firgita. Ko ba firgita suna aiki a hankali dare da rana, suna riƙe da ƙananan hanyoyin jini a ɗan tsuke. Matsin jini abu biyu ke haifar da shi: yawan jinin da zuciya ke turawa, da ƙuncin hanyar da zai bi. Wanda ya taɓa danne bakin tiyo da yatsa ya ga yadda ruwa ɗaya ke ƙara ƙarfi in hanya ta tsuke. Saƙon da ya taso daga OVLT ƙarin tsukewa yake umarta.

Shekaru da dama ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne cewa wannan duk na ɗan lokaci ne, ƙoda ce mai yanke hukunci. Arthur Guyton na Jami'ar Misisipi, wanda ya fitar da shahararren tsarinsa na lissafi a 1972, ya ce in matsin jini ya hau, lafiyayyar ƙoda za ta ƙara zubar da gishiri da ruwa har ya sauko, don haka hawan jini ba zai dawwama ba sai in ƙoda ta kasa. Hujjojinsu masu nauyi ne. Lewis Dahl ya samar da zuriya biyu ta ɓeraye a 1962, ɗaya jininta na hawa da gishiri, ɗaya ba ya hawa, kuma da aka riƙa dasa ƙodar wannan a jikin wancan sai aka ga halin yana bin ƙodar. A mutane ma, nau'o'in hawan jini na gado da ƙwayar gado guda ke haddasawa, irin wanda Grant Liddle ya bayyana a 1963, kusan duk a kan yadda ƙoda ke riƙe gishiri suke. Masu wannan ra'ayi suna ƙara da cewa ma'aunan matsi da ke jijiyar wuya da babbar jijiyar zuciya, waɗanda ke gyara matsin jini daga bugu zuwa bugu, sukan saba da sabon matsi cikin kwana ɗaya ko biyu, su ɗauke shi a matsayin daidai.

Sai dai wannan hujja ta ƙarshe ma'aunan matsi kawai ta shafa, ba ta taɓa ma'aunan gishiri ba. Tun a ƙarshen shekarun 1970 Michael Brody da Alan Kim Johnson na Jami'ar Ayowa suka nuna cewa in aka lalata ɗan yankin nan na gaban rami na uku, inda OVLT yake, nau'o'in hawan jini da dama da ake haddasa wa ɓeraye ba sa kamawa, har da wasu da ta ƙoda aka haddasa su. Ni a nawa karatun, tambayar ko ƙoda ce ko ƙwaƙwalwa ba ta da amfani sosai. Ƙoda tana da jijiyoyi daga ƙwaƙwalwa masu gaya mata yawan gishirin da za ta riƙe, ƙwaƙwalwa kuma tana sauraron renin da anjiyotensin da suka taso daga ƙoda. Aikin Sean Stocker da abokansa a Amurka ya nuna yadda suke haɗa baki. Da suka ƙara gishiri a ruwan ƙwaƙwalwar ɓeraye, saƙon ko-ta-kwana ya ƙaru zuwa hanyoyin jinin ƙafafun baya da zuwa adirinal, amma wanda ke zuwa ƙoda raguwa ya yi. Wato an ɗaga matsi, an kuma sassauta wa ƙoda, ta samu ta zubar da gishirin. In haka ne, ɗan hawan da jini ke yi bayan gishiri dabara ce ta fitar da shi. Ciwon yana farawa ne lokacin da dabarar da ta dace da sa'o'i ta zama aikin kullum, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar ƙasa da giram 5 na gishiri a rana ga baligi, matsakaicin abin da ake ci a duniya kuwa ya haura ninki biyu na haka.

Ya kamata a yi taka-tsantsan da nisan da za a kai wannan bayani. Kusan duk abin da aka sani game da Nax da ASIC1a daga ɓeraye aka samo shi, kuma a irin waɗannan gwaje-gwaje sau da yawa akan ɗura wa dabba gishirin da ya wuce abin da mutum zai ci da son ransa. A jikin mutum, yawan cin gishiri kan ɗaga sodiyam ɗin jini da maki kaɗan ne, biyu ko uku, kuma masana suna ta gardama kan ko wannan ɗan ƙari ya isa ya riƙe jijiyoyin ko-ta-kwana a tsaye tsawon shekaru. Akwai kuma wasu ƙofofin sodiyam a wannan yanki da wasu masu bincike ke ganin suna da hannu, don haka ba Nax kaɗai ke fagen ba. Sannan mutane sun bambanta. A binciken Myron Weinberger na 1986 a Indiyana, kashi 51 cikin 100 na masu hawan jini da kashi 26 na marasa shi ne jininsu ya nuna yana bin gishiri sama da ƙasa. Sauran sun sha gishiri iri ɗaya jikinsu ya fitar da shi ba tare da matsi ya motsa sosai ba.

Likitoci sun daɗe suna taɓa wannan hanya ta jijiyoyi. Magunguna irin su kulonidin a gindin ƙwaƙwalwa suke aiki, suna rage saƙon ko-ta-kwana gaba ɗaya, shi ya sa suke zuwa da barci da bushewar baki. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urorin da ake zurawa ta jijiyar jini a kashe jijiyoyin saƙo da ke kewaye da hanyar jinin ƙoda. SFO da OVLT kuwa suna da wani abin jan hankali ga masu haɗa magani: tun da a wajen shinge suke, maganin da ke cikin jini zai iya isa gare su ba tare da ya shiga sauran ƙwaƙwalwa ba.

Haɗarin toshe ma'aunin gaba ɗaya ya bayyana a wani rahoto da ƙungiyar Noda ta fitar a 2010. Wata ƙaramar yarinya ce maras lafiya da ke da ƙari a jiki, ƙarin kuma yana ɗauke da Nax. Garkuwar jikinta ta ƙera makamin yaƙar ƙarin, makamin ya bi jini ya isa SFO da OVLT, da yake ba shingen da zai tare shi. Sodiyam ɗin jininta ya yi ta hawa, ita kuwa ba ta jin ƙishirwa, basofiresin ma ba ya fita yadda ya kamata. Da aka ɗebi waɗannan sinadaran garkuwa aka yi wa ɓeraye allura, su ma suka rage shan ruwa, ƙwayoyin wuraren biyu suka riƙa mutuwa. Duk maganin da za a haɗa ta wannan hanya, sai ya iya yanke layin da ke tafiya daga OVLT zuwa hanyoyin jini ya bar na ƙishirwa da na basofiresin suna aiki, kuma layukan nan daga ɗan wuri guda suke tasowa, kusa da juna ƙwarai.